Haƙori na Uku

Shagonmu yana ƙarƙashin matakalar benen da muke haya a ciki. In na miƙa hannuwana biyu ina taɓa bango da bango. A dama akwai allo mai ƙusoshi, kowace ƙusa ɗauke da makullai marasa haƙora, waɗanda ba su taɓa buɗe komai ba. A hagu injin yankan makulli ne, da magagari huɗu, da ɗan buroshin share garin tagulla. Duk wanda ya hau bene ko ya sauko a kan kawunanmu yake takawa, har na iya gane mutanen gidan da tafiyarsu.

Shekara talatin Baba yana yankan makulli a wurin. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya zaunar da ni gaban injin, shi ya koma kujera a bakin ƙofa yana karɓar mutane. Hakan ya yi mini daidai, don ni in baƙo ya yi mini magana tafin hannuna gumi yake yi, amsar kuma sai ya tafi take zuwa mini. Na fi son littafin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin kanta. Amma a kan ƙarfe hannuna ba ya rawa.

Baba ba ya zaunar da mutum ya yi masa wa'azi. Sai mai saye ya juya baya yake jefo maganarsa. In ango da amarya suka zo a yi musu makulli biyu suna ta dariya, sai ya ce in riƙe fuskokinsu, ɗayansu zai dawo shi kaɗai neman sabuwar kuba. In aka yi rasuwa a unguwa yakan ce in share injin da kyau, gobe 'ya'yan mamacin za su zo ɗaya bayan ɗaya, ido jajir, kowa da makullin ɗakin tsoho a aljihu, kowa yana roƙon kada a faɗa wa ɗan'uwansa. Ya ce ɓarawo bai taɓa kawo masa aiki ba, shi ƙofa yake fasawa. Masu zuwa wurinmu mutane ne da aka taɓa yi musu shimfiɗa a cikin gidan.

Yana da wata dabara da bai koya wa kowa ba sai ni. In mutum ya kawo makulli kuma zuciyar Baba ba ta kwanta da shi ba, ba ya korarsa, ba ya kuma tambayarsa komai. Sai ya yanka masa, amma ya bar haƙori na uku da ɗan tsayi, abin da bai kai kaurin farce ba. Makullin zai shiga kuba lafiya lau, ya ƙi juyawa. Mai gaskiya washegari zai dawo yana kumfar baki, yana cewa an cuce shi. Sai Baba ya ba shi haƙuri, ya goga magagari sau biyu a kan haƙorin, shi ke nan ya buɗe. Marar gaskiya kuwa ba ya dawowa, don ba ya son a ga fuskarsa sau biyu. Baba ya ce a shekara talatin dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma duk wanda ya dawo da rana tsaka ya tsaya a gabansa, to ya ci gyara.

Yaya ta bar gidan mijinta wata huɗu kafin abin da zan faɗa. Shekara biyu yana kulle ta daga waje in zai tafi aiki, yana cewa unguwar ce ba tsaro. Mu ba mu sani ba, don in mun je ziyara shi yake buɗe mana da fara'a. Ranar ƙarshe ta sa hannu ta tare ƙofar, shi kuma ya ja ta ya rufe a kan yatsunta. Maƙwabciya ce ta ji ihun. Yatsu biyu suka karye, kuma har yau na tsakiyan bai miƙe ba.

Ta ƙi zama da mu, ta ce ya san hanyar gidan. Ta sami aiki a wani shagon magani a ɗaya gefen gari, ta kama ɗaki a hawa na uku na wani tsohon bene. Baba da kansa ya zaɓi kubar, ni na ɗaura yana tsaye yana lalube. Makullai uku ne a cikin kwalin. Ya zuba mata su duka a tafin hannu, ya naɗe yatsunta masu lafiya a kai, ya ce ko shi kada ta ba.

Mijin Yaya bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da abin ya zo da sauƙi. Sati biyu bayan tafiyarta ya fara zuwa gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa a gaban Umma, ya yi kuka, ya ce shaiɗan ne. Yana kawo mata 'ya'yan itace da maganin ciwon gwiwa. Ni kuma in ya wuce shago sai ya leƙo ya ce, "Malama Auta, yau littafi na nawa aka cinye?" Ya yi dariya, ni ma in yi, in ji haushin kaina bayan ya wuce. Da ya ji Baba ya shekara yana jiran layin aikin ido, sai ya ce ai likitan abokinsa ne tun suna makaranta. Cikin sati uku aka sa rana. Shi yake zuwa da mota ya kai Baba gwaji, ya riƙe masa hannu a matakala, ya dawo da shi.

Umma ta fara cewa yaron nan ya yi nadama. Ta ce babu auren da ba a taɓa jin ciwo a cikinsa ba, ita ma da za ta buɗe baki da an sha mamaki. Baba in ta fara sai ya juya fuska wajen titi.

Wata Asabar Yaya ta zo mana yini. Baba yana asibiti, kuma ba wanda ya faɗa mata wa ya kai shi. Bayan an ci abinci barci ya ɗauke ta a kan gadon Umma, ni na sauko shago. Ban daɗe ba na ji tafiyar Umma a kan matakala, a hankali, ba irin tata ta kullum ba. Ta shigo ta buɗe hannu. Makullin Yaya ne, da ɗan jan zaren da ta ɗaura masa.

Ta ce in yi mata ɗaya da sauri kafin yayata ta tashi. Wai tana so ta riƙa zuwa tana share mata ɗaki tana ajiye mata abinci in tana wurin aiki, yarinya duk ta rame, ga hannu ba lafiya. Na ce ko mu tambaye ta tukuna. Umma ta dube ni.

"Auta, ni na haife ta. Izini zan nema in shiga ɗakin 'yata?"

Na ɗauko makulli marar haƙora daga ƙusa, na ɗaure su biyun a inji. Ƙarar injin ta cika shagon, Umma tana ta waiwayen matakala. Da na zo haƙori na uku sai na ɗaga hannuna kaɗan. Ban shirya yi ba. Na share garin tagullar, na miƙa mata, ta sa a bakin zaninta ta ce Allah ya yi mini albarka. Dabarar da ake yi wa baƙin fuska na yi wa uwata.

Na ce wa kaina ba komai. Litinin za ta je, makulli ya ƙi, ta dawo ta wanke ni tas a gaban mutane, ta ce karatun banza ya cinye mini ido. Ban taɓa ɗokin faɗan Umma ba sai a wannan satin. Litinin ta wuce, ba ta fita ba. Talata ta je kasuwa ta dawo. Laraba na kasa haƙuri, muna wanke kwanuka na tambaye ta ko makullin ya yi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ya yi mana, jiya ma ta je ta share ɗakin, ta wanke labule.

Kwanon da ke hannuna ya zame ya faɗa ruwa. Ta ce in riƙa kula. Na tsaya ina kallon bayan wuyanta, wurin da nake kwantar da kai ina ƙarama, ina ta neman wata hanyar da maganarta za ta zama gaskiya. Babu. Makullin ba ya buɗewa, ni na san haka, kuma ita ba ta sani ba, don ba a hannunta yake ba.

Na so in kira Yaya a ranar. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. Me zan ce? In ce Umma ta sace makullinki, ni kuma na yanka? Na lallashi kaina da maganar Baba: marar gaskiya ba ya dawowa. Zai gwada, ya ƙi, ya jefar a kwata, magana ta mutu ba wanda ya ji kunya. Na koma cikin littafina, ina karanta shafi ɗaya sau biyar.

Ranar Litinin ta gaba, wajen sha ɗaya na safe, mota ta tsaya a ƙofar shago. Saura kwana uku a yi wa Baba aiki. Mijin Yaya ya fito cikin farar riga mai guga, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi ido, ya ce likita ya ce a tuna masa kada ya ci komai safiyar Alhamis. Ya ce mini Malama Auta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye makulli a kan kanta, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Baba, wannan ya ƙi juyawa. Sau biyu ina gwadawa. Ina jin hannun Malama ne ya goce."

Baba ya lalubo makullin. Ya bi haƙoran da babban yatsa daga tushe zuwa baki, ya dawo, ya tsaya a na uku. Yakan ce kowane makulli da fuskarsa, kuma wannan kubar shi ya zaɓe ta. Na ga yatsan ya daɗe a wurin. Bai juyo wajena ba, amma na san ya gane komai, har da wanda ya bar haƙorin.

Baba ya tambaya, murya ƙasa, na wace ƙofa ne.

Na zaci mijin Yaya zai yi ƙarya. Na ma shirya jin ƙaryar, ya ce ɗakin ajiya ne ko ofis. Amma ya gyara tsayuwa ya ce na ɗakin matarsa ne, Umma ce ta ba shi. Ya ce ya gaji da aike, magana irin wannan sai mutum biyu a ɗaki ɗaya, ba mai sa baki. So yake in ta taso aiki ƙarfe huɗu ta tarar da shi a zaune yana jiranta. Yana faɗa yana murmushi, idonsa tar a kan Baba, babu ɗigon kunya. A lokacin na gane ramin da ke cikin dabarar Baba. Tana kama wanda ya san abin da yake yi ba daidai ba ne. Wanda ya yarda haƙƙinsa ne, da rana tsaka yake dawowa, da turare.

Wani ya sauko daga bene, ƙura ta zubo daga matakala a kan kanta. Baba ya miƙo hannu gefena ba tare da ya dube ni ba. Na san abin da yake nema. Ban miƙa masa ba. Sai ya lalubo magagarin da kansa.

Na ce a raina zai lalata shi. Guga biyar ko shida, haƙorin ya tafi gaba ɗaya, makullin ya zama ƙarfen banza, ya miƙa masa ya ce a gwada. Ba wanda zai gane. Na kafa ido a hannunsa ina ƙirgawa.

Ɗaya. Biyu.

Ya tsaya. Ya hure garin, ya shafa da yatsa, ya miƙa.

Mijin Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya ce Alhamis ƙarfe bakwai zai zo, Baba ya shirya ganin duniya sabuwa. Ya ce bari ya biya kasuwa ya saya mata ɗan wani abu, ba a zuwa wa mace hannu rabbana bayan wata huɗu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini in rage karatu, kada ni ma a kai ni wurin abokinsa.

Motar ta tafi. Baba ya zauna, magagarin yana kan cinyarsa. Na ce, "Baba, yatsunta."

"Ya dawo da rana, ya tsaya a gabana," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Shekara biyu ban ga fuskarki ba, Auta. Inuwa nake gani tana yanka makulli."

Ya tashi ya juya mini baya, ya durƙusa gaban kantar ƙasa inda muke ajiye sababbin kuba. Ya daɗe yana lalube, na ji ƙaramar ƙarar ƙarfe. Ya miƙe da kwali a hannu, ya ɗora sukundireba a kai, ya turo mini. Ya ce motar da ke bi ta bayan asibiti ta fi sauri, kasuwa kuma a cike take ranar Litinin.

A cikin mota na kira Yaya. Na faɗa mata duka, ban rage nawa laifin ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tambaya ƙarfe nawa ya bar shagon, ta kashe wayar.

Na same ta a hawa na uku tana tsaye nesa da ƙofarta, da farar rigar aiki a jikinta. Ta nuna mini bakin kubar. Duk ya sha ƙarce, sababbin zane masu ƙyalli a kan tsohon ƙarfe. Ba gwaji biyu ba ne wannan. Ta ce kwana huɗu tana ganinsu, tana cewa yaran maƙwabta ne.

Ta buɗe, na durƙusa na fara kwance sukurori. Sukuru ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, Yaya ta kwanta a ƙasa ta zaro shi da hannunta mai lafiya. Tsohuwar kubar ta fito. Sabuwar ta ƙi zama, ramin ya yi mata kaɗan, sai da na kankare katakon da bakin sukundireba, na share garin da buroshin da na taho da shi daga shago. Benen shiru, kowa yana wurin aiki. Rediyo ne kawai ke magana a wani ɗaki a ƙasa.

Ina kan sukuru na uku na ji an buɗe ƙofar bene. Na girma a ƙarƙashin matakala, na san tafiyar mutane. Wannan ba ta mai sauri ba ce. Takalmi mai tauri, taki ɗaya bayan ɗaya, da ƙarar leda tana bugun ƙafa. Yaya ma ta gane, na ga yadda ta riƙe yatsanta na tsakiya. Na bar na huɗun a ƙasa, na tura ƙofar, na murɗa sabon makulli sau biyu. Muka ja baya har jikin gado.

Tafiyar ta tsaya. Turaren ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Muka ji makulli yana neman rami, ya shiga rabi, ya tsaya. Aka zare, aka sake. Aka sake. Sannan shiru mai tsawo, har na ji rediyon ƙasa yana faɗin yanayin gari.

Ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya.

"Na san kina ciki. Malama Auta ma tana ciki, ga buroshinta a ƙasa." Muryarsa a sanyaye, kamar mai lallashin yaro. "Ba komai. Ni ba na gaggawa. Ga tsaraba nan na rataya miki. Ki gaida su Baba."

Muka ji ledar tana lilo a hannun ƙofa, tafiyar tana sauka, ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar bene ta rufe. Wayar Yaya ta fara ƙara a kan gado. Umma ce. Muka bar ta har ta gaji.

Yaya ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Can ta ce, to, ko ba komai Baba ya aiko da kuba. Ta faɗa kamar mai neman abin riƙewa. Ta ce in ba ta sauran makullan ta ɓoye.

Na zaro wanda ke jikin ƙofa, na ɗaga zoben. Biyu ne a jiki. Na zazzage kwalin, na duba ƙarƙashin gado, na duba aljihuna. A gefen kwalin an rubuta uku, da zanen makullai uku a jere. Bakin zoben a buɗe yake kaɗan, irin buɗewar da farce ke yi in an zare ɗaya da sauri.

Na tuna bayan Baba a gaban kantar ƙasa, da ƙaramar ƙarar nan. Wataƙila don ranar da Yaya za ta ɓatar da nata ya ajiye na ukun. Wataƙila don Alhamis ne, in mijin Yaya ya tambaye shi a mota. Na juya abin ta kowane gefe, kuma na san in na tambaye shi, shi ma ba lalle ya sani ba tukuna.

Yaya ta karɓi zoben ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta buɗe jakarta, ta ce akwai mai kayan gini a ƙarshen layi, in je in sayo sakata, babba, irin ta ƙofar shago, da dogayen sukurori. Ta ce in ya tambaya ko ta wace ƙofa ce, in ce ta banɗaki.

Na ɗaura mata ita kafin la'asar, a sama da kubar, na ƙara sukuru na huɗun da na bari. Ta ja ta ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa, tana sauraron ƙarar. Sakata ba ta da makullin da wani zai ɗauka a jaka ko ya zare daga zobe. Sai dai ba ta aiki sai mutum yana ciki, kuma gobe ƙarfe takwas Yaya za ta fita aiki.

Da zan tafi ta leƙa matakala ta ga ba kowa, ta cire ledar daga hannun ƙofa ta ba ni in jefar a hanya. Ban buɗe ba. Ina sauka na ji sakatar ta shiga a bayana.

A shago na tarar da Baba a kujerarsa, fuska wajen titi. Ya ji tafiyata ya tambaya ko kubar ta zauna. Na ce ta zauna. Hannunsa na dama yana cikin aljihun riga, kuma bai fitar da shi ba har muka rufe.